Na sayi GPS okaziyo a Yamai, ashe daga ƙasar ƙanƙara ya fito

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman ƴan topo, wato masu awon ƙasa, da ke ta kirana suna tambaya wai ya injin nan da na sawo a Yamai yake, in saya ko kar in saya, mai shagon mutumin kirki ne ko ɗan cuwa-cuwa ne. Na gaji da maimaita labari ɗaya a waya har kiredi ya ƙare, to ga shi a rubuce, yau wata 7 ke nan ina aiki da shi a Tawa da kewaye, na ga daɗinsa na kuma ga tsiyarsa. Sunan shagon da sunan kamfanin injin duka zan bar su a cikina saboda akwai ƙorafi a maganata kuma ba so nake in kashe ma wani kasuwa ba, waɗanda sunka san layin masu kayan awo a Yamai za su gane da kansu.

Abin da ya kai ni saye shi ne wani ɗan marshe da munka samu a hannun wani babban ɗan kwangila, za a gyara wata tsohuwar pisti ta laterit can arewa inda ƙananan jirage ke sauka, tsawonta mita 1,200 da ƴan kai, ruwan sama ya ci gefe guda rairayi ya hau ɗaya gefen. Aikinmu mu auna ta daga baki zuwa baki, mu fidda tudu da gangare, mu ɗauki kordone na bakunan biyu, wato lambobin da ke nuna inda wuri yake a taswira, mu lissafa duk abin da ya yi tsawo a hanyar saukar jirgi, itacen gawo ne, antenar waya ce, tudun rairayi ne. Da tsohuwar stasiyo total ɗina, injin awo da ake leƙawa ta madubi, aikin zai ci mako 2 kuma kordone ɗin ba za su fito yadda masu jirgi ke so ba, domin tun 1998 hukumar jiragen sama ta duniya ta ce kowa ya koma WGS84, tsarin kordone ɗin da GPS ke aiki da shi. Sabon GPS irin mai baz da mobil kuwa, wato kai biyu, baz a kafe wuri ɗaya mobil kana yawo da shi, kuɗinsa ba na irinmu ba ne, sai na kama kar ta dare, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, na wayi gari a Yamai da kuɗina ɗaure a ƙugu.

Shagon ƙarami ne amma cike yake, turpiye mai ƙafa 3 a jingine, mir, nivo, dekamet, har da akwatunan da ba a buɗe ba. Alhajin mai shagon mutum ne mai sanyin magana, bai yi mini irin ihun ƴan kasuwa ba, ya sa anka kawo shayi ya ce ɗana zauna ka faɗa mini aikin da za ka yi kafin ka faɗa mini kuɗin da ke gare ka. Wannan ya burge ni gaskiya. Ya fiddo mini akwati 3, biyu sababbi masu arha, ɗaya tsoho duk ya sha gogayya, fentin ya kwaile a kusurwa, ya ce wanga daga gwanjo ya fito a Afirka ta Kudu, wani abokin cinikinsa na Kef Tawun ne ke turo masa. Munka gwada a bakin titi, baz a kan turpiye mobil a hannuna, cikin ƙasa da minti guda ya kama fiks, wato ya tsaya a kan lamba tabbatacciya, na ɗauki digo ɗaya sau 10 bambancin bai wuce santimita 2 ba. Munka yi ciniki daga miliyon 3 har munka tsaya a miliyon 2 da jika 300, da alƙawarin garanti na wata 3 da bateri 2 sababbi da za su biyo ni Tawa cikin mako 2. Ku riƙe maganar baterin nan, za mu dawo kanta.

Da na iso gida da dare ina ta latse-latsen karne ɗin, wato ƴar kwamfutar hannu da ke tafiyar da injin, sai na tarar ba a goge tsofaffin ayyukan da ke ciki ba. Fayil sun fi 20. Na buɗe guda, latitid ya wuce digiri 70 kuma kudu, na ce a'a wannan kuskure ne, mu nan Tawa digiri 15 ma ba mu cika ba. Na zana digogin a ordinater sai ga layi biyu miƙe sak kamar an ja da zare, tsawon kusan kilomita 3, kowane digo da lambarsa. Na jefa kordone ɗaya a Google Earth, duniya ta juya ta juya ta kai ni can ƙasan ƙwallo, fari fat, babu gari babu itace babu komai. Babu sunan wuri a fayil ɗin, lambobi ne kawai da kwanan wata.

Abin da ya tada mini hankali shi ne da na haɗa fayil biyu, digogi iri ɗaya suna iri ɗaya, an auna su shekara guda tsakani, amma duka sun goce da mita da yawa. Ni a saninmu born, alamar nan ta awon fili, in ka dasa ta ka zuba siminti, sai dai in maƙwabci ya tashi da dare ya matsar da ita. Na ce shi ke nan Alhaji ya yi mini sakiyar da ba ruwa, inji mai kuskuren mita 5 ko filin ƙwallo ba ya aunawa. Ban yi barci ba. Da asuba na kira yayana, ɗan wan babana ne, ya yi karatu a EAMAC, makarantar aikin jiragen sama da yanayi ta Yamai, kuma ya daɗe yana aikin kula da zirga-zirgar jirage, na tura masa hoton zanen. Ya yi dariya har da tari, ya ce ƙanena injinka lafiya lau, ƙasar ce ke tafiya.

Nan ya zaunar da ni ta waya kusan awa guda, ni kuma daga baya na bi na karanta don abin ya shiga raina. Antatika ƙasa ce da ƙanƙara ta rufe, kaurinta a tsaka-tsaki wajen kilomita 2, a wasu wurare ya haura 4, kuma ƙanƙarar ba a tsaye take ba, tana malala a hankali zuwa teku kamar kunu mai kauri a faranti da anka karkata. To pistin jiragensu a kanta ake yi. Akwai wadda ƴan Ostareliya ke kira Wilkins, wajen kilomita 70 daga tasharsu ta Casey, a 2008 jirgi Airbus A319 ya fara kwaso mutane daga garin Hobart na Ostareliya yana sauka a kanta, ita wannan pisti tana tafiya kimanin mita 12 kowace shekara. A ƙuryar kudu ɗin kanta, inda Amurkawa ke da tashar Amundsen-Scott, ƙanƙara na gusawa kusan mita 10 a shekara, shi ya sa kowace ranar 1 ga Janairu sai an sake awo an dasa sabuwar alama a ce ga tsakiyar nan. Ku duba fa, mu nahiyar Afirka gaba ɗaya santimita 2 da wani abu take gusawa a shekara kuma har muna gardama a kai. Kenan jiyomet ɗin can, wato mai awon ƙasa irina, kowace kaka sai ya sake auna bakin pisti, ya sake jera tutoci, ya aika ma masu jirgi sababbin lambobi, in ba haka ba matuƙi ya zo da lambar bara ya tarar pisti ta yi gaba.

Fayil ɗin da ke cikin karne ɗina aikin wani irina ne ke nan, wani bawan Allah da ya tsaya cikin sanyi da safar hannu yana jiran fiks kamar yadda nake tsayawa cikin rana da rawani. Wallahi sai na ji wani iri, kamar ka sayi riga gwanjo ka tarar da wasiƙa a aljihu.

Na kira Alhaji na ba shi haƙuri a kan zargin da bai ma san na yi masa ba, ya ce Allah sarki ai shi bai taɓa buɗe fayil ɗin ba. To a nan matsalar take, kuma ita ce babban abin da nake son masu saye su ji. Shagon ba ya goge saitin tsohon mai inji. Sun share ƙura, sun sa sabon madauri, sun yi caji, amma cikin kan injin yana nan yadda mutanen ƙanƙara sunka bar shi.

Na farko ya zo da sauƙi don kuskuren babba ne. Na buɗe sabon aiki, X da Y sunka fito da lambobi marasa kai, ashe injin yana kan tsarin taswirar Antatika. Mu nan UTM muke amfani da shi, tsarin da ya raba duniya zon-zon, Yamai da Tawa suna zon 31, Maraɗi da Damagaram da Agadas 32, Difa da Bilma 33, amma UTM a digiri 80 kudu yake tsayawa, kuma tun kafin nan ma masu taswirar can sun fi son wani tsari da ke kallon nahiyar daga ƙuryar kudu kamar ka kifa ƙwarya ka dube ta daga sama. Yaron shagon ya bi da ni ta waya munka canza, shi ma sai ya sa mini 32 don ya saba da kiliyan na gabas, na gyara da kaina. Wannan ba komai, dariya munka yi.

Na biyun ne ya kusa kunyata ni gaban ɗan kwangila. Ranar farko a shantiye na kafa baz a kan digon da anka ba mu, na auna tsawon turpiye na shigar daidai, na ɗauki mobil ni da yarona munka fara bin pisti, kowane mita 20 digo 5 a faɗi, tun 6 na safe har wajen 11. Komai fiks, komai kore, ina ta jin daɗi ina cewa yau ga aiki. Sai Allah ya sa na ce bari in taka zuwa wata tsohuwar alamar nivelma, mai nuna tsawon wuri, da ke jikin ginin rijiya in gwada, irin waɗanda ke cikin kundin IGNN, hukumar taswira ta Nijar. Na ɗora sanda, tsawo ya fito ƙasa da na takarda da santimita 80 cif. Na sake, 80. Na duba baz, lafiya. Sai can cikin wani shafi na ga tsawon antenar mobil an sa 2.80, ni kuma sandata mita 2 ce. Yayana ya ce ai su can sukan ɗaura antena a kan mota ko abin ja su bi pisti da ita don fidda tudu da kwari, wato tsawon motar wani nake ta aunawa da shi tun safe. Da yake kuskuren iri ɗaya ne a kowane digo na gyara a ordinater cikin minti 5, amma da ban je rijiyar nan ba da an haƙa magudanar ruwa an haɗa da tsohon awo da bambancin santimita 80, damina ta zo ruwa ya kwanta a kan pisti, kuma sunana ne a ƙasan takarda ba sunan Alhaji ba.

Da na ba yayan nawa labari bai yi dariya ba wannan karon, ya ce kasan Erebus? Ranar 28 ga Nuwamba 1979 wani jirgi DC-10 na Air New Zealand ya ɗauki ƴan yawon buɗe ido daga Okland don su ga Antatika ta taga su dawo. Kafin tashin, a ofis, anka canza kordone na digo ɗaya a hanyar da ake shigar ma kwamfutar jirgin, ba a faɗa ma matuƙa ba. Canjin ya matsar da hanyar fiye da kilomita 40 gabas, su suna zaton suna bin saman mashigin teku na McMurdo ne inda babu tudu, alhali hanya ta miƙe da su kan dutsen Erebus mai tsawon mita 3,794. Ga kuma irin hasken can da gajimare fari ƙasa fari babu inuwa, ido ba ya raba dutse da sarari. Mutum 257 ne a ciki, babu wanda ya fita. Ya ce kwamfutar jirgin ba ta yi ƙarya ba, abin da anka ba ta shi ta bi. Na yi shiru ina tuna santimita 80 ɗina.

Mu ma ai mun san ɗan uwan wannan makantar, hazon hunturu in ya sauka a Tawa ko Agadas sai ka ga an soke tashin jirgi, sama ja-ja ƙasa ja-ja. Kuma Tenere ma haka take, babu abin da ido zai kama, shi ya sa itace ƙwaya ɗaya tal ya samu shiga taswira, har mota ta buge shi a 1973 anka kawo gangar jikin gidan tarihi na Yamai. Bambancin shi ne mu ko ba komai busol ɗinmu na nuna arewa. Can kusa da ƙurya allurar busol ba abin dogaro ba ce, layukan longitid kuma duk sun taru wuri ɗaya, kana tafiya miƙe amma kusurwarka da arewa tana ta canzawa, sai matuƙan sunka ƙirƙiro wata arewa ta takarda da ke bin layin Girinwic, da ita suke lissafi, wasu pistocin ma da ita ake sa musu lamba.

To yanzu shi injin kansa. Wajen awo ba ni da ta cewa, na gwada shi a kan born 6 da na san lambobinsu tun da daɗewa, a kwance bai taɓa wuce santimita 2 zuwa 3 ba, a tsaye ya ɗan fi haka kamar kowane GPS. Yana kama taurarin ɗan adam na GPS da GLONASS da Galileo. Na fahimci dalilin da mutanen can ke son GLONASS ɗin Rasha, taurarin GPS hanyarsu karkatar digiri 55 ce, don haka a ƙurya ba sa zuwa tsakar ka, gefe-gefe suke wucewa, awon tsawo ya yi rauni, na Rasha kuwa sun kusa 65 sun fi leƙawa can. Mu nan taurari har sun yi mana yawa. Rediyon da ke tsakanin baz da mobil ya kai ni kilomita 4 a fili ba tare da yankewa ba, cikin gari tsakanin gidajen bene da kwano kuwa kilomita 1 da rabi ya fara shiru.

Akwatin da jikin injin ƙarfe ne na gaske. Jaki ya ture turpiye a wani ƙauye baz ya faɗi a kan tsakuwa, na ce inna lillahi, na ɗaga na kunna ya ci gaba kamar ba a yi ba. Maɓallan karne manya-manya ne, an yi su don mai safar hannu, ni da yatsuna masu gumi da ƙura sun yi mini daidai.

Zafi ne ba ya so, ko in ce bai saba ba. A watan Afrilu da Mayu da rana ta kai digiri 44, 45, daga ƙarfe 12 allon karne sai ya yi duhu ya fara nauyi, sau biyu ya mutu da kansa sai da na kai shi inuwar mota na naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a cikin leda. Yanzu laima nake ɗaura ma baz, aiki kuma 6 zuwa 11 sai 4 zuwa magariba. Abin dariya, su ma can zafi ne abokin gabarsu, a Wilkins in ƙanƙara ta ɗumama ta haura digiri 5 ƙasa da sifiri ba a yarda jirgi ya sauka, tsakiyar bazararsu sukan rufe pistin. Amurkawa ma suna da wata da ake kira Pegasus kusa da McMurdo, iska ta kwaso baƙar ƙura ta zuba a kai, baƙi ya sha rana ƙanƙara ta narke, a ƙarshe sunka bar ta a 2016 sunka koma sabuwa mai suna Phoenix da anka yi da daddanna dusar ƙanƙara. Ƙura dai ba ta bar kowa ba, har can.

Wani abu kuma da zan gargaɗi ƴan uwa, kar ku ce za ku guje ma rana ku yi awo bayan isha'i. Na gwada dare 3, fiks yana zuwa yana tafiya, taurari na nan amma lamba na rawa. Na ɗauka laifin inji ne, ashe sararin sama ne, akwai wani ɓangare can sama da ke hargitsewa bayan faɗuwar rana a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin namu, yana wasa da siginar, kuma wuri na biyu da abin ya fi tsanani shi ne ƙuryoyin duniya. Injin nan dai daga wannan matsala ya fito ya faɗo cikin ƴar uwarta, kowane inji ka saya haka zai yi maka, kar ka je ka zagi mai shago.

Inda za ka iya yi masa ƙorafi shi ne bateri. Guda 4 na tarar a akwati, biyu awa 5 suke yi, ɗaya awa 2, ɗaya kuwa ta kumbura kamar fanke na jefar. Sababbi 2 da anka ce mako 2, yau wata 7. Na kira ya fi sau 15, kullum suna hanya, suna duwan, yaron da zai kawo ya yi tafiya, jirgin bai zo ba. Alhaji ba ya ɗaga murya, ba ya ƙin ɗaukar waya, kullum ɗana ka yi haƙuri in sha Allahu wannan satin, har ka ji kunyar sake tambaya. Na ƙare da sayen baterin mota ƙarami na haɗa ma baz da waya, yana yini. Faktir ma sai da na koma Yamai da kaina sannan anka rubuta mini mai lambar injin a jiki, ta farko takardar littafi ce kawai da sa hannu, kuma in za ka shiga marshe na hukuma ko ka bi hanyar arewa da irin wannan kaya ana tsayar da kai a bariyer, takarda mai kyau kake buƙata. Littafin bayani babu, kebul ɗin ordinater babu, sharjer ɗin ma bakinsa irin na Afirka ta Kudu ne mai ƙafa 3 masu kauri, sai da na nemo adapta a kasuwa.

Amma in faɗi gaskiya, ranar da karne ya ƙi haɗuwa da mobil ina tsakiyar daji, yaron shagon ya zauna da ni a WhatsApp kusan awa 2 da rezo mai yankewa har munka gyara, bai nemi ko dala ba. Kuma da na koma na nuna ma Alhaji maganar 2.80 ɗin bai yi musu ba, ya kira yaran ya ce daga yau duk injin da zai fita a mayar da shi saitin masana'anta a gaban mai saye. Ko suna yi ko ba sa yi, wanda ya je bayana shi zai faɗa.

In da maki ake ba da wa, inji 8 cikin 10, shago 6, cikin 4 da na cire ma shagon biyu na bateri ne biyu na saiti. Mai son saye ya je, amma ya je da lambobin born ɗin da ya sani a Yamai ya gwada a kanta kafin ya ƙirga kuɗi, a kwance da a tsaye, ya buɗe shafin zon da na tsawon antena da na jiyoyid, wato matakin tekun da ake lissafin tsawo daga shi, ya karanta da idonsa, ya karɓi baterinsa a hannu ranar, kar ya yarda da za su biyo ka. Wanda aikinsa lotisma ne cikin gari tsakanin gine-gine kuma, ni a ganina ya riƙe stasiyo total ɗinsa, wanga na fili ne.

Pistin tamu an gama ta kafin damina, ruwa ya zo ya bi magudana ya wuce, na je na sake auna bakunan biyu bayan wata 4 suna nan inda na bar su, ko santimita 2 ba su gusa ba, na aika ma yayana ya ce to ka gode ma Allah ba a kan ƙanƙara kake ba. Shi ne ma ya turo mini hoton Boeing 787 da ya sauka a pistin Troll ta ƴan Norwe a Nuwamban 2023, mita 3,000 ta ƙanƙara zalla, ya taso daga Kef Tawun, garin da akwatina ya biyo. Tsofaffin fayil ɗin ban goge su ba, na kwafe su a kile na kuma bar su a cikin karne, yarona in muna hutun rana a gindin gawo yakan buɗe yana ƙirga mita nawa tutar lamba 14 ta yi tafiya. Jiya na sake kiran Alhaji a kan bateri, ya ce suna Kotonu.